Kabarin Mojoko a Ƙarƙashin Baƙin Dutse

Mola Ndive ya hau dutsen Fako neman kabarin matarsa. 'Yarsa Limunga ce ta riƙe masa hannu, don idanunsa sun yi yana, abu sai ya zo dab da hancinsa yake gane shi.

Mojoko ta rasu tun Limunga na goye. A gonarsu ta gwaza ya binne ta, bayan bukka, kamar yadda ta roƙa. Ya yi mata alkawari a gefenta za a kwantar da shi. Bayan 'yan shekaru dutsen ya yi aman wuta. Wuta ta gangaro a hankali kamar kunu mai kauri, ta cinye gona da bukka da itatuwa, ta daskare a kansu. Daga baya gwamnati ta ce wurin ya zama gandun daji, baƙi suka fara zuwa kallo. Ndive bai sake taka shi ba. Ya ce shi ba ya neman izinin shiga gonarsa. Sai bana, da tari ya kama masa ƙirji, ya ji likita ya ja Limunga gefe suna ƙus-ƙus. Da suka koma gida ya ce a kai shi.

Ba a shiga gandun sai da ɗan jagora. Aka haɗa su da Kinge, wani ƙato mai surutu, wanda Ndive ya yi farauta da ubansa.

"Mola, yau kai ne baƙona," in ji Kinge. "In yi maka bayanin da nake yi wa Turawa? Wannan itace da ka dafa, sunansa..."

"Ubanka ma ni na koya masa sunansa. Wuce gaba."

"Shi ke nan, yau bakina ya huta."

"Mu muka huta."

Suka bi ta cikin kurmi, ƙasa jiƙe, birai na tsalle a sama. Ndive yana tsayawa ya yi tari, ya tofar, ya ci gaba. Limunga ta ce ya zauna ya sha ruwa, ya yi kamar bai ji ba. Can sai kurmin ya yanke kamar an sa adda. Gabansu baƙin dutse ne shimfiɗe, mai kaifi, ya tsattsage kamar ƙanzon tukunya, ya gangara har kusa da teku. 'Yan ciyayi sun leƙo daga tsaguna. Wasu baƙi daga Duwala suna tsaye a kan wani tudu suna ɗaukar hoto suna dariya.

Ndive bai damu ba. Ya san yadda ake gane wurin. In ka tsaya a kan kabarin ka dubi teku, ƙaramin tsibiri yana zaune daidai kan doguwar bishiyar manja, rafi kuma yana hagunka.

"Limunga, me kike gani?"

"Teku, Baba."

"Tsibiri fa?"

"Akwai su, ba ɗaya ba."

"Wanda ke saitin bishiyar manja."

"Babu bishiya, Baba. Ko ɗaya."

"To rafin. Kinge, ina rafin?"

"Ya nutse ƙasa tun lokacin, Mola. Can wajen titi yake ɓullowa yanzu."

Ndive ya saki hannun 'yarsa. Ya durƙusa, ya kara kunnensa a dutse ko zai ji motsin ruwa. Iska kawai ya ji. Ya rarrafa gaba ya sake karawa. Ya koma hagu. Dutsen ya yanke masa tafin hannu da gwiwa, bai kula ba. Baƙin nan suka daina dariya suna kallonsa, ɗaya ya ɗaga waya. Kinge ya harare shi, ya sauke.

"Kaurinsa nawa?" in ji Ndive, yana durƙushe.

"A nan ya fi tsayin waccan bishiyar da kake nema."

"Diga za ta fasa shi?"

"Diga ce za ta fashe. Kuma ko za ta fasa, ba za su bari a haƙa kabari a gandu ba." Kinge ya sosa ƙeya. "Gara in gaya maka gaskiya, Mola."

Hazo ya fara saukowa daga saman dutsen, da sanyi a cikinsa. Kinge ya dubi sama ya ce ruwa na tafe, in ya same su a nan hanyar sauka za ta yi santsi.

Limunga ta ciro gorar bammi da ta ɗauko don a zuba wa marigayiya. Ta tsuguna kusa da ubanta.

"Baba, ka nuna ko'ina ne. Ai tana ƙarƙashin nan dai. Mu zuba mata, in ɗauki dutse ɗaya daga wurin. In ranarka ta zo, ni da hannuna zan sa maka shi a gefenka."

"An hana ɗaukar dutse," in ji Kinge, "amma yau idona ya fi naka yana, Mola."

Ndive bai yi dariya ba. Ya shafa dutsen da ke gabansa. Ƙila nan gonar maƙwabcinsa ce. Ƙila hanya ce, ko garken aladu. Ya ga kansa kwance har abada da dutsen garken aladu a gefensa, Mojoko tana can wani wuri ita kaɗai tana jira.

"Baba," in ji Limunga. "Ban san fuskarta ba. Ka ba ni wuri ɗaya da zan ce wa 'ya'yana nan uwata take. In ka tafi ba wanda zai nuna mini."

Ta kama hannunsa mai jini, ta miƙe masa ɗan yatsa wajen wani kwari inda ciyawa ta fi kauri. Ɗigon ruwan sama na farko ya faɗo a kan gorar.

Ndive ya janye hannunsa, ya dunƙule shi a cinya.

"Ban san wurin ba," ya ce. "Ba zan nuna ba."