Rijiyar Majvor Ta Karkata

Tukunyar ɗumama gidan Majvor ta mutu da kaka, ganye na zuba. Mai gyara ya leƙa ta, ya ce ko marigayi Sixten, mijinta, ya dawo ba zai tayar da ita ba. Ranar 'yarta Ylva ta bugo waya daga Kalmar.

"Mama, in ƙanƙara ta sauka ba ɗumi a gidan nan, zuwa zan yi in kwashe ki. Na samo miki ɗaki a hawa na uku."

Majvor kuwa gara mata komai da barin gidanta. Sai ta kira Bosse mai haƙa ya yi mata rijiyar ɗumi irin ta kowa a layin: a huda dutse can ƙasa, a zura bututu, ruwa ya riƙa zagayawa yana kwaso ɗumin ƙasa lokacin sanyi, da bazara kuma ya kawo sanyi.

Bosse ya zagaya gidan da ƙullin tabarsa a leɓe. Ya ce motar haƙa ba ta da wurin tsayawa sai jikin shingen maƙwabcinta Torgny, ga rijiyar Torgny nan kusa. In rijiya biyu suka matsu, ɗaya shanye ɗumin ɗaya take yi. Ba zai kunna inji ba sai mutumin ya yarda.

To fa. Rabon Majvor da Torgny su yi magana tun shekarar da ya sare mata reshen tuffa da ya leƙa gidansa. Ba faɗa suka yi ba, mutanenmu ba su iya faɗa ba. Gaisuwa ce ta koma ɗaga haɓa, daga baya haɓar ma ta yi nauyi.

Ta kwana biyu tana juyi. Rana ta uku ta gasa burodin kirfa ƙanana-ƙanana, ta lulluɓe shi, ta doshi ƙofarsa ko waya ba ta yi ba. Duk ƙasar Suwidin ba a yi wa mutum dirar bazata sai gobara ko mutuwa, don haka labulayen layin duk sai da suka motsa.

Torgny ya buɗe, ya ga burodi, fuskarsa ta yi fari fat. Ya dafa kofi. Suka yi ta ci har ya rage guda ɗaya, wanda don kunya ba mai ɗauka. Ita ta raba shi biyu, shi ya raba rabin.

"Maganar rijiya ce ta kawo ni," in ji ta.

Torgny ya ajiye kofinsa. "Bosse ne ya faɗa miki ko? Mutumin nan bakinsa ba ƙofa."

Majvor ba ta san komai ba, amma ai ba jiya aka haife ta ba. Ta gyara zama.

"Na fi so in ji daga bakinka."

Sai ga zance ya zubo. Ashe da aka haƙa tasa rijiyar, karkata ta aka yi don a kauce wa ta maƙwabcinsa na ɗaya gefen, ta bi ta ƙarƙashin shinge, ta wuce kunyar dankalin Majvor, ta tsaya can ƙasan ɗakin girkinta. Sixten ne ya yarda, ranar bikin tsakiyar bazara bayan ya sha ya yi tatil, ya kuma ce kada matarsa ta ji. Tun da ya rasu Torgny ya kasa haɗa ido da ita.

"Ba don tuffa ba ne?"

"Wace tuffa?"

Majvor ta ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinta, har dariya ta so ƙwace mata. Ta danne.

"Wato duk shekarun nan da ɗumina kake gasa waɗannan ƙafafun naka, tsohon ɓarawo."

"Ɗumin dutse ne, Majvor."

"Dutsen wa?"

Ya sunkuyar da kai.

"To ka ji. Tawa ma karkata za ta yi, ta ƙarƙashin gidanka."

Har ƙofa ya rako ta yana godiya. Bosse, da ashe shi ma bai san zancen ba, ya yi dariya har tabar ta faɗo. Ya ce hakan ma ya fi, ta Torgny ta yi gabas, tata ta yi yamma, can ƙasa ba ruwan wata da wata.

Aka yi ta haƙa, inji na ruri, toka-tokar laka na tsartuwa har kan tagogin Torgny. Shi ya wanke abinsa.

Ranar da ƙanƙara ta fara sauka sai ga Ylva da kwalaye a bayan mota. Ta tarar da uwar cikin 'yar riga mara nauyi, ƙafa ba safa, tana yanka albasa. Ta cire rigar sanyinta, ta cire ta ciki, ta hau fifita da hannu.

"Mama, rage mana, ɗumin ya yi yawa."

"Bar shi," in ji Majvor. "Na Torgny ne."