Kamu Ɗaya daga Rigar Alhaji Tanimu

Wani mafarki na yi daren jiya, har yanzu bai sake ni ba.

Wai matata Tabawa ta ɗora ruwan tuwo, ta ce in je in auno masara kafin ya ƙone, yara ba su ci komai ba tun safe. Na fita. Tukunyar ta sauko daga murhu ta biyo ni tana tafasa, kuma ban ga abin mamaki a ciki ba.

A kasuwa na tarar mudu ya koma kamar marfin kwalba. Mai awo ya ce kullum da safe sai ya same shi ya ƙara ramewa. Ruwa kuma yana ta tsattsafowa daga ƙasa yana hawa sama, ya bar gonaki a bushe. Na leƙa tukunya, saura rabi.

Sai ga ni a ofishin haraji. Shugabar wurin akuya ce mai tabarau, tana tauna takarda a natse. Ta bayyana mini cewa a ƙasarsu rigar mutum tana girma ne tare da dukiyarsa, kuma ta Alhaji Tanimu ta riga ta rufe rumbuna da rijiyoyi da rabin gari. Shekara da shekaru suna karɓar haraji wurin masu ƙosai da masu baro, shi kuwa babu wanda ya taɓa kusantarsa.

"An ce kai tela ne," in ji ta. "Kamu ɗaya za ka yanko daga gefen rigar."

Gaskiya na ji tsoro. Ni da ko wandon ɗan sanda aka kawo mini gyara sai na auna sau uku kafin in yanka.

Na yi tafiyar yini guda a kan shaddar rigar kafin in iske Alhaji a tsakiya, kansa kawai ake gani, gumi na zuba. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya ce in na kuskura na taɓa rigar zai bar ƙasar yau ɗin nan. Ya yunƙura zai tashi, riga ta hana. Ya sake yunƙurawa. Ashe rabonsa da tsayuwa shekara goma sha ɗaya. Sai na ji ya ba ni tausayi.

Tukunya ta fara ƙauri a bayana. Na yi bisimilla na sa almakashi.

Daga kalmasar rigar masara ta dinga zuba, da gero, da wake, da wata makaranta sukutum da malamanta a ciki suna kiran suna. Mata suka taho da ƙorai. Tukunya ta matsa ta tara da kanta, ruwan bai kai ga ƙonewa ba.

Alhaji ya tambaya yaushe zan fara. Na ce ai na gama.

Ya shiga motsa yatsun ƙafa a inda iska ta soma shiga.

"Malam tela," ya ce a hankali, "ko za ka ɗan ƙara rage ta nan baya?"

Ina gyara riƙon almakashi ke nan ƙarar injin niƙan maƙwabcinmu Ɗanjuma ta tashe ni. Kwana huɗu rabon da a kunna shi, don babu mai kawo niƙa. Da can tsakinsa nake yi. Yau kam na kwanta ina saurare da murna, na san wani gida a layinmu zai ci tuwo.