Fil na Takwas

A bangon ofishinmu akwai taswira, kuma ni ne mai kula da ita. Duk gonar kajin da ɗakin gwaje-gwaje ya tabbatar murar tsuntsaye ta shiga, sai in soka fil mai jan kai a wurinta, in rubuta kwanan wata a gefe. Wata biyar ke nan da na kama aiki da difilomata ta lafiyar dabbobi, kuma a cikin mako uku na soka fil bakwai.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne cutar ba ta bin hanya ɗaya. Gona ta farko tana gabas, ta biyu ta tsallake kogi, ta uku kuwa can bayan kasuwa. Ba wuri ɗaya suke sayen abincin kaji ba, ba kuma kamfani ɗaya ya ba su 'yan tsaki ba. Shugabana, wanda kowa ke kira Likita, yakan same ni tsaye gaban bangon.

"Ɗan Taswira, ko ka ƙure ta da ido ba za ta yi magana ba," in ji shi. "Koma ka sake tambayarsu wanda ya shiga."

Na koma na tambaya. A takardarmu akwai layin da ya ce: wa ya shiga gonar cikin kwana goma sha huɗu? Kowa ya lissafa mini nasa, daga mai gyaran famfo har surukin da ya zo gaisuwa. Babu mutum ɗaya da ya bayyana a takarda biyu.

Ni kaina na zargi kaina, don haka na tsananta. Kafin in bar kowace gona nakan wanke takalmin roba da magani, in fesa wa tayoyin babur, in ƙulle rigar aiki a leda. Dalilina shi ne Yaya. Ita ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyarmu, kuma tana da kaji ɗari huɗu masu ƙwai a bayan gidanta. Da su take ciyar da gidan. Tun da cutar ta ɓulla ban sake taka ɗakin kajinta ba. A baranda nake tsayawa, tana yi mini dariya wai na mayar da kaina baƙo.

Ranar Alhamis da hantsi muna gona ta bakwai. An riga an binne kajin, saura ƙona kaya. Mai gonar, wata tsohuwar malamar makaranta, tana zaune a kan bokiti tana kallonmu. Ina ɗiban kiret-kiret na takarda, irin waɗanda ake jera ƙwai a ciki, sai na ga ɗaya da koren fenti a kusurwa.

Na san wannan alamar. Ta Tsohon Soja ce, mai gona ta farko, wanda ke shafa wa kiret ɗinsa fenti don kada a musanya masa. Da hannuna na ƙona nasa mako uku da suka wuce, ina zaton na ƙone duka.

"Malama, ina kika samo wannan?"

"Wa zai kawo kiret in ba Mai Ƙwai ba? Ya kawo babu komai, ya tafi da cikakke. Haka yake yi wa kowa."

"Amma ba ki ambace shi ba da na tambaye ki."

"Ai bai shigo ba. A bakin ƙofa yake tsayawa, ko inuwa ba ya shiga. Mutum ka tambaya, ɗana, ba kiret ba."

Na juya kiret ɗin. A cikin ramukansa akwai busasshen kashin kaji da ɗan gashi manne. Ga amsar da na yi mako uku ina nema, amma maimakon murna sai na tuna ranar Lahadi.

A ranar na haɗu da Mai Ƙwai a hanya, motarsa ta mutu. Ya ce, "Ƙanen Hajiya, Allah ne ya kawo ka. Miƙa wa yayarka kiret ashirin, tana jira." Na ɗaure su a bayan babur. A ƙofar gidanta na fesa wa tayoyi magani, na wanke takalmi, na wanke hannu har sau biyu, sa'an nan na miƙa mata kiret ɗin da hannayen nan masu tsabta.

Na kira wayarta sau huɗu ba ta ɗauka ba. Na sanar da Likita a tare motar Mai Ƙwai duk inda take, na yi wanka da magani, na canja kaya, na hau babur. Ban san yadda na ratsa kasuwa ba. Ina ta gaya wa kaina wataƙila ba ta kwance ɗaurin ba, wataƙila suna nan a baranda ba ta kai su ciki ba.

Ba sa baranda. Na same ta tana shanya.

"Auta, lafiya? Ka shigo kamar an biyo ka."

"Yaya, kiret ɗin ranar Lahadi, ina suke?"

"Suna inda kiret ke zama mana. Ko so kake in jera ƙwai a zanena?"

"A cikin ɗakin kajin?"

"Tun ranar. Wai me ya faru?"

"Kajin suna cin abinci?"

Ta saki rigar da ke hannunta cikin bokiti. "Jiya sun rage ci. Zafi ne, Auta. Kowace shekara haka suke yi." Ta sunkuya ta sake ɗaukar rigar. "Uku sun mutu da safe. Zafi ne."

Na sa sabuwar rigar aiki da safar hannu da takunkumi, tana kallona. Tun kafin in buɗe ƙofar na lura da abin da ya fi tsorata ni: kaji ɗari huɗu, amma tsit, har ina jin ɗigar ruwan famfo. A ciki sun takure a kusurwa, fuka-fukai a sake, kawuna a kumbure, zankonsu ya koma baƙi-baƙi. Na ƙirga matattu goma sha ɗaya bayan ukun da ta faɗa. A kan benci ga kiret ɗin a jere, na huɗu daga sama da koren fenti.

Na ɗauki samfurin da za a kai gwaji. Da na fito ta tare ni a bakin ƙofa.

"Kai ne ma'aikacin. In ka yi shiru, wa zai sani? Mu ware masu lafiya mu kai gidan Kawu."

"Kawu ma yana da kaji, Yaya."

"To me za su yi wa nawa?"

"In gwaji ya tabbatar, za a kashe su a binne."

"Duka?"

"Duka."

Ta zauna a ƙasa, a nan cikin ƙura. "Ni da ko maƙwabciya ban bari ta leƙa ba. Ta ina ta shigo?"

Na cire takunkumin domin ta ji ni sosai, na gaya mata. Ba ta zage ni ba, kuma da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Kira shi," sai na kira Likita.

An tare Mai Ƙwai da azahar, da sauran gonaki tara a gabansa, aka ƙone duk kiret ɗin da ke motar. Sakamakon gwaji ya iso ranar Asabar da safe. Na ɗauki fil na takwas na soka a bayan gidan da na girma, na rubuta kwanan wata. Sa'an nan na jawo takardar gonarta. A ƙarƙashin layin da ke tambayar wanda ya shiga, na ƙara wani da biro: me ya shiga, kuma wa ya kawo shi? Na rubuta kiret ashirin, na rubuta sunana.