Bindigar da Baba Rwang Ya Zaɓa

"Ajiye wannan," in ji Baba Rwang. "Ajiye ta, ɗana, kafin ta karya maka wuyan hannu."

Maharazu bai so ajiyewa ba. Bindigar tana da nauyi, tana ƙyalli kamar sabon kwanon samira, irin wadda ake gani a ƙugun 'yan kaboyi a silima. Baturen mai shagon ya jingina da kanta yana murmushi, don ya san 'yan Najeriyar wannan zamani. Tun da man fetur ya yi daraja, in sun shigo shago ba su san wata magana ba sai a kawo mafi girma.

"Baba, ai wannan ce mai ƙara. In za a yi, a yi wadda za a ji har unguwar Peckham."

"Za a ji har ofishin 'yan sanda dai." Tsohon ya yi dariya, dariyar ta koma tari, sai da ya dafa kanta ya huta.

Gida ɗaya suke a unguwar Catford, a London. Maharazu a ɗakin sama, ɗan Zariya ne da gwamnati ta turo karatun akanta. Baba Rwang da matarsa Mama Dinatu a ƙasa. Shi tsohon soja ne daga wani ƙauye a duwatsun Jos, ya yi yaƙin Bama, ya ƙare aikinsa a garejin bas-bas. Tun makon da Maharazu ya sauka, yana rawar ɗari cikin rigar shadda, Mama Dinatu ta ware masa tukunya ta daban da naman mahaucin Musulmi, duk ranar da ta dama gwate sai ta buga silin da sandar tsintsiya ya sauko.

Wata Lahadi, bayan likitocin babban asibitin Camberwell sun gama faɗin abin da za su faɗa game da huhunsa, Baba Rwang ya zaunar da Maharazu. Ya ce a ƙauyensu in dattijo ya rasu, sai an harba bindiga, duwatsu su ji cewa mutum ya wuce. Ranar jana'izar mahaifinsa damina ce, albarushi ya sha ruwa, bindigar toka ta ƙi tashi, aka binne tsohon shiru kamar baƙon da ba a san danginsa ba. Abin bai taɓa barin zuciyarsa ba.

"Ba ni da ɗa namiji," ya ce. "Kuma nan London ne, wanda ya harba bindiga a maƙabarta sai kurkuku. Amma akwai club ɗinmu na masu harbin kwali, a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa. Can doka ta yarda. Za ka yi mini?"

Maharazu, wanda ko kaza bai taɓa yankawa ba, ya ji bakinsa ya ce, "Zan yi, Baba." Daga baya ne tsoro ya kama shi.

Abin da ya kawo su shagon ke nan. Baba Rwang ya sa Baturen ya fito da ƙanana guda biyu, irin waɗanda 'yan club ke kira tu-tu, masu harsashi kamar ƙwayar gyaɗa. Ya ce harsashinsu yana da araha, mutum zai yi ta koyo duk Asabar ba tare da ya kwana da yunwa ba, kuma ba sa naushin hannu. Ɗaya sabuwa ce fil, mai ɗura wa kanta harsashi. Ɗayar tsohuwa ce, mai ganga mai juyawa, mariƙinta ya yi sulɓi don hannun wani.

"To ko sabuwar, Baba? Ka dube ta fa."

"Na dube ta. Wannan 'yar gayu ce, tana zaɓen abinci. Ka ba ta harsashi mai araha, wata rana ta shaƙe, ka tsaya kana tono a gaban mutane." Ya ɗauki tsohuwar, ya juya gangar da yatsa. "Wannan kuwa, in ɗaya ya ƙi, ba ruwanka. Ka sake jan kunamar kawai, na gaba yana nan yana jira."

Baturen ya ajiye musu ita har izinin 'yan sanda ya fito. Izinin ya ɗauki watanni, Maharazu kuwa kullum ya ji tarin tsohon ta ƙasan daɓe sai ya ji tsoron kada lokaci ya ƙure. Ya riƙa koyo da bindigar aro. Baba Rwang yana zaune bayansa a kujera, lulluɓe da bargo, yana masa tsiya.

"Ka rufe ido kuma! Wa kake wa addu'a?"

"Ƙarar ce, Baba."

"Saki numfashi. Kada ka fizga, matsa a hankali kamar kana matsa lemo."

Da hunturu ya shigo, tsohon ya daina fita. Amma izini ya fito, tsohuwar bindiga ta zama ta Maharazu. Duk Asabar da la'asar yakan kawo kwalin da ya harba, Baba Rwang ya ɗaga shi saitin taga yana duba hasken da ke shigowa ta ramukan. Da farko yakan ce, "Wannan kwali ya tsira da ransa." Sannu a hankali ramukan suka fara matsowa tsakiya. Wata rana ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗora kwalin a ƙirjinsa ya ce, "To, yanzu na huta." Maharazu ya ji daɗi, ya kuma ji baƙin ciki, duk a lokaci ɗaya.

Da safe abin ya faru, a farkon bazara, yana ɗaura igiyar takalmi zai tafi makaranta. Mama Dinatu ba ta buga silin ba. Ta hau benen da ƙafarta, ita da gwiwa ke damu, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Babanka ya tafi," ta ce.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya zauna a bakin gado da takalmi ɗaya a ƙafa, ya yi kuka sosai.

Ranar jana'iza ya tsaya a bayan coci da hularsa a hannu. A maƙabarta aka yi waƙoƙi, aka zuba ƙasa, ba abin da ya yi ƙara sai tsuntsaye. Daga nan Mama Dinatu da wasu dattawan Filato suka cika motoci biyu, suka bi shi zuwa ƙarƙashin gada. Shugaban club ɗin, wanda ya san marigayin shekara da shekaru, ya buɗe musu duk da ba ranar harbi ba ce. Ya miƙa wa Mama Dinatu abin toshe kunne.

"Thank you," ta ce, ta mayar masa. Ta dubi Maharazu. "Ji na zo yi."

Ya ɗura harsashi, ya tsaya a kan layi. Ya saki numfashi, ya matsa a hankali.

Ƙas.

Ba ta tashi ba. Ya ji wani dattijo a bayansa ya ja numfashi, ya tuna damina da jiƙaƙƙen albarushi. Bai juya ba, bai sauke hannu ba. Ya sake ja.

Tas!

Ƙaramar ƙara ce, wallahi, ba za ta kai Peckham ba. Amma rufin bulo na gadar ya karɓe ta ya maimaita, ta bi bango ta dawo. Ya ƙara, ya kuma ƙarawa. Mama Dinatu ta rangaɗa guɗa da muryar da ta dishe da kuka, dattawan suka amsa da yarensu, shugaban club ya cire hularsa.

Maharazu ya buɗe gangar ya zazzage a tafin hannunsa: kwanson harsasan da suka tashi, da kuma guda ɗaya da ya ƙi, da ɗan tabo a gindinsa. Mama Dinatu ta matso ta duba. Ta ɗauki kwanso ɗaya, ta riƙe shi a hannu, da sauran ɗuminsa.

"Ka zo ka ci abinci," ta ce. "Na ware maka tukunyarka."

Jirgin ƙasa ya wuce ta samansu. Ta ƙulle kwanson a bakin zaninta, ta ja ƙullin da haƙori.