Gwajin Murya

Shekara goma sha ɗaya tana zagaya sansanonin 'yan gudun hijira da makirfo a hannu, har abokan aiki suka laƙaba mata Tambaya. A aikin talabijin, kafin hira sai an gwada ƙarfin muryar mutum, kuma kowa "Me kika ci da safe?" yake cewa. Sau ɗaya ta yi wa mai jin yunwa wannan tambayar, kunyar ba ta sake ta ba har yau. Tun ranar ta canza zuwa: "Kira wani naki, yadda kike kiransa a gida."

A wani ajin makaranta da aka sauke waɗanda ambaliya ta kora, ta maƙala wa wata tsohuwa makirfo a wuyan riga, ta ce ta kira.

Tsohuwa ta cika ƙirji. "Ke Kunnen Ƙashi! Sau nawa zan kira ki?"

Dogo mai kyamara ya fizge abin saurare daga kunnensa yana salati, aji ya ɗauki dariya. Tsohuwar ma ta dara, sannan ta share ido. Autarta ce take kira haka. Kwalekwale daban suka shiga, yau kwana tara babu labari, kuma ba mai waya a cikinsu.

A ofis kuwa akwai edita Almakashi, mutumin da ko gaisuwarka ta yi tsawo sai ya datse.

"Minti biyu aka ba ki. Gwajin murya ba labari ba ne."

"Haba Yaya, sakan goma sha biyu ne fa. Wataƙila 'yar ta gani."

"To nuna min inda zan cire."

Wuri ɗaya ne ya rage, inda ita kanta ke tsaye gaban kyamara. Wurin da Mamanta ke tara maƙwabta don su gani kenan. Tambaya ta ji abin har ranta.

"Cire ni," ta ce.

Ana gama labaran yamma Mama ta kira. "Na tara mutane, na ba su kujeru, na goge gilashin akwatin, sai ga wata tsohuwa tana mana tsawa! Korar ki aka yi?"

"Ba a kore ni ba, Mama."

"To gobe ki fito, ko da kunnenki ne."

Washegari da hantsi wayar ofis ta yi ƙara, Almakashi ya ɗauka. Ya saurara, ya miƙe tsaye, ya miƙo wa Tambaya wayar. Wata mata ce daga ƙaramin asibitin wani sansani, inda aka kafe talabijin a bango.

"Ni ce Kunnen Ƙashi," ta ce, kuka da dariya sun haɗe mata. "Don Allah ina Innata take?"

Da motar aiki suka ɗauko ta zuwa wurin tsohuwar. Dogo, da bai taɓa barin hoto ya girgiza ba, ranar sai da ya girgiza. Tambaya ta tsaya bayan kyamara, murna ta hana ta ko tambaya ɗaya.

Tsohuwa ta rungume 'yarta, ta shafa fuskarta, sannan ta kama kunnenta ta ja.

"Sau nawa zan kira ki?"

"Sau ɗaya, Inna. Wannan karon kira ɗaya na amsa."