Aizal a Kwalbar Bibiana

Keziya ta miƙa hannu don karɓar sakamako a ɗakin gwajin nan na Sabon Gari, amma Madam Abiodun mai gwajin ba ta ba ta takarda ba. Kwalba ta ciro daga ƙarƙashin tebur ta dangwarar a gabanta.

"Ke ce Maman Bibiana? Tun ranar da aka kawo wannan nake zuba ido. Ba waya, ba kwatancen gida. Buɗe ki shinshina."

Keziya ta buɗe. Wari ya daki hancinta, irin na masai in an gama wanke shi. Aizal, maganin kashe ƙwayoyin cuta!

Bibiana 'yarta ce tilo, ko shekara biyu ba ta cika ba. Tana can kwance a wani ƙaramin asibiti a Samaru, zawo da jini da majina, an ɗaura mata ruwa. Maganin farko bai ci ba, na biyu ma haka. Likita ya ce shi ya gama canki-canki da ran yarinya, a kai kashinta gwaji a san ƙwayar cutar da maganin da zai kashe ta. Keziya ta yi ta jiran ranar nan, ko abincin kirki ba ta iya ci.

"Da ranta muke son ƙwayar," in ji Madam Abiodun da Hausarta ta 'yar Sabon Gari. "Shuka ta muke yi a faranti, ta tsiro, sannan mu gwada mata magunguna mu ga wanda take tsoro. Wanda ya zuba wannan ya kashe ta tun a hanya. Sai an kawo sabo, a sake jira daga farko."

Daga farko! Keziya ta karɓi sabuwar kwalba, ko godiya ba ta yi ba. Ta san wanda ta aika. A motar komawa, tun daga Kwangila har Palladan zuciyarta tafasa take, kwandasta ya yi mata magana ta watsa masa harara.

A barandar asibiti ta tarar da mijinta Shekari, shugaban mawaƙan cocinsu, cikin farin kaftani da ya sha guga. Mutumin da ko ƙuda ya sauka masa a hannun riga sai ya canza ta!

"Baban Bibiana, me ka zuba a kwalbar?"

Ya waiga hagu da dama. "Ki rage murya."

"Na ƙi! Me ka zuba?"

"Ɗan ɗigo ne fa. Kin san motar Samaru, ba a rasa ɗan coci a ciki. Kashi fa, Keziya! In shiga cikin mutane ina wari?"

"Au, wari? Ni da nake kwasa da hannuna safe da yamma, hanci ne ba ni da shi? 'Yarka na zubar da jini, kai ta hancin 'yan coci kake! To ka huta, ba wanda ya ji wari. Ita ce dai ta biya."

Bai yi don mugunta ba, ta sani, kuma wannan ne ya fi ƙona mata rai.

Ta shige ɗaki. Bibiana ta zube kamar tsumma, idanu sun faɗa, kukan ma ba ya fita. Keziya ta zauna da sabuwar kwalba a hannu tana jira. Kai, duniya! Yau ita ce ke roƙon Allah 'yarta ta sake yin zawo.

Da ya zo, ɗan kaɗan ne, rabi jini. Ta ɗiba, ta rufe, ta fito. Shekari ya ciro baƙar leda zai naɗe, ta fizge ta jefar. Ta cusa kwalbar cikin aljihun gaban kaftaninsa, da sauran ɗuminta, gefen ya bar masa tabo a kan farin yadin.

Ya kai hannu zai goge. Ta riƙe hannun.

"Bar shi. In an tambaye ka a mota, ka ce na 'yarka ne. Ka ce har yanzu tana da rai."