Naman Ganɗa ko na Kwali

Ta daɗe tana karanta labaran rana a gidan rediyo ba wanda ya san halin da bakinta ke ciki. Dasashinta na ƙasa ya janye, saiwar haƙoran ta fito fili, ko iskar fanka ta shiga sai ta ji tsam har cikin kai. Ƙanwarta ce ta tasa ta gaba zuwa wurin likitan haƙori.

Likitan ya leƙa da ɗan madubi, ya ce sai an yi dashe.

"Zaɓi naki ne, Hajiya. Ko in yanko ɗan nama daga ganɗarki in rufe wurin, ko mu sa wanda ke zuwa a kwali. Na kwalin ba yanka biyu, kuma zai fi miki sauƙin magana."

"Naman waye a kwalin?"

"Wani na mutanen da suka ba da kyauta ne kafin rasuwarsu, wani na dabba. An wanke shi, an tace."

"Wace dabba?"

Ya ɗan yi jim kafin ya ce ya danganta da kamfani. Wannan jim ɗin ne ya tsaya mata a rai. Ta dubi kalandar bango, ta dubi alƙalamin da ke aljihunsa da kofin shayinsa, duk tambari ɗaya da na kwalin da ke kan teburinsa.

Ƙanwar ta raɗa mata, "Yaya, ke fa kowa ɓarawo ne a wurinki. Ko mai gyaran takalmi sai kin tsare shi da ido."

Ba ta kula ta ba. "Likita, tsakaninka da Allah, wanne ya fi daɗewa?"

"Naki yakan fi kauri, ya fi riƙewa. Amma za ki ji jiki."

"To me ya hana ka gaya mini haka tun farko?"

"Kin ce da bakinki kike aiki."

Amsar ba ta da aibu, shi ya sa ta ƙara ƙin yarda da ita. Ta ce a yanki nata.

Ta kuwa ji jiki. Ganɗar ta yi ta zugi, sai abu mai ruwa-ruwa take iya sha, wata abokiyar aikinta ce ta riƙe mata labarai har ta warware. Dashen ya kama, tsamin ya tafi.

Ranar da ta koma a duba ta, ta tarar da wani dattijo a kan benci, an ce masa shi ma ya zaɓa tsakanin namansa da na kwali. Ya tambaye ta ko likitan nan na da gaskiya. Ta buɗe baki za ta ja masa kunne, sai ta rasa laifin da za ta ambata.

"Aikinsa dai yana kyau, Baba," ta ce. "Amma ka yi ta tambaya."